Hoto a ƙarƙashin ruwa: wace fitila ce ta dace da ruwan Arewa?

Ƙarshen daminar da ta wuce na yada zango a Kore Mairuwa, bakin babbar hanyar da ta taso daga Doso ta nufi Dogondutsi. Ina zaune wurin mai shayi sai wani saurayi, ɗan wani abokina, ya miƙo mini wayarsa. Sana'arsa ɗaukar hoton biki da suna. Ya ce: «Kawu, kai da ka yi yawon duniya, mi ya ɓata mini aikin ga?»

Kwamitin ruwa na wani ƙauye ne ya sa shi aikin. Rijiyarsu ta siminti ta fara ba da ruwa da yashi, ana zaton wani zoben siminti ya tsage a ƙasa, kuma kafin su tara kuɗin mai gyara suna so su ga ɓarnar da idonsu. Yaron ya sa waya cikin jakar leda irin wadda ake sayarwa don ruwa, ya kunna fitilar wayar, ya danna bidiyo, ya zura da igiya. Abin da ya fito kamar an watsa garin hatsi cikin duhu: fararen ɗigo-ɗigo suna yawo, bango bai fito ba, balle tsaga. Ya sake gwadawa da filash, wato fitilar walƙiya, abin ya ƙara muni. Na ce masa: «Ɗana, wayarka lafiya lau take. Wurin da fitilar take ne matsalar.»

Tun daga ranar nake so in yi wannan bayani. Masu ɗaukar hoto cikin ruwa a wajenmu ba su da yawa, amma suna ƙaruwa: masu gyaran rijiya da foraj, masu kiwon kifi a kwarmin siminti, ɗalibai masu nazarin kifayen tafki, ƴan jarida da ke zuwa bikin su na Argungu, da samarin da ke son abin sawa a Facebook da TikTok. Kusan duk shawarar da za su samu a intanet an rubuta ta ne don masu nutso a tekun da ruwansa ke garau kamar gilashi. Ruwanmu ba haka yake ba, kuma wanda ya sayi kaya bisa waccan shawara zai iya zubar da kuɗin da ya isa sayen babur.

Abin da ruwa ke yi wa haske

Hasken rana da muke gani fari, launuka ne a haɗe, waɗanda bakan gizo ke rarrabawa. Ruwa ba ya shanye su lokaci ɗaya. Ja ne ke fara ɓacewa: a ruwa mai tsabta, kafin haske ya yi tafiyar mita 5 jan ya kusan ƙarewa. Ruwan goro da rawaya su biyo baya, sannan kore. Shuɗi ne ke jurewa har ƙasa, shi ya sa hotunan teku ke fitowa shuɗi. Mai nutso da ya yanke a mita 15 yakan ga jininsa ya fito kore-kore, don babu jan hasken da zai nuna shi.

A ruwan tafki da na kogi abin ya ɗan sauya. Laka da ruɓaɓɓen ganye da gansakuka suna cin shuɗin su ma, sai a bar mutum da launin ƙasa-ƙasa ko kore mai duhu. Ga shi kuma hasken ba ya nisa. A wasu tafkunanmu na damina, mutum ya tsoma hannu zuwa gwiwar hannu ba zai ga yatsunsa ba.

Fitila tana da aiki biyu ke nan: ta kawo haske inda babu, ta kuma mayar da launin da ruwa ya cinye. Sai dai ita ma haskenta cikin ruwan nan yake bi, kuma tafiya biyu yake yi, daga fitila zuwa kifi, daga kifi zuwa kamara. Kifin da ke mita 2 daga gare ka, haskenka ya yi mita 4 kafin ya dawo, jan ya tafi. Wannan ne dalilin da ya sa ko a tekun Maliya ƙwararru ba sa dogara da filash ga abin da ya wuce mita ɗaya da rabi. A ruwanmu a lissafa da kamu ɗaya, wani lokaci taƙi ɗaya. Ƙara ƙarfin fitila ba ya sayen nisa sai kaɗan. Matsawa kusa shi ke gyara hoto, kuma kyauta ne.

Akwai wani abu ƙarami da ke ruɗin sabon shiga. Idan aka duba ta gilashi shimfiɗaɗɗe, ruwa yana karya haske har abu ya yi kamar ya matso da kashi ɗaya cikin huɗu na nisansa, ya kuma ƙara girma da kusan sulusi. Abin da ido ya ce yana mita ɗaya, a gaskiya ya fi haka nisa. Masu saita fitila da yawa suna auna ta inda ido ya nuna musu, sai hasken ya sauka gaban kifin, ya haskaka dattin da ke tsakani.

Garin hatsin da ke cikin hoton

Dattin nan shi ne babban abokin gāba, kuma shi ya ɓata aikin ɗan abokina. Duk direban da ya taɓa bin hanyar Dogondutsi zuwa Birnin Ƙonni da dare lokacin hunturu ya san abin. Idan ƙura ta taso ka kunna babbar fitila, farin bango kawai za ka gani, don kowace ƙwayar ƙura tana mayar maka da haskenka cikin ido. Ka koma ƙaramar fitila mai duban ƙasa, sai hanya ta ɗan bayyana. Amma wanda ke tsaye gefen hanya yana ganin abin da fitilarka ta haska fiye da kai, saboda hasken ba daga wajen idonsa yake fitowa ba.

Haka yake a ruwa. Fitilar waya tana manne da idon kamara, tsakaninsu bai fi faɗin yatsa ba. Duk ƙwayar yashi da ke gaban gilashin tana samun haske mai ƙarfi fiye da bangon da ke can baya, ta mayar da shi kai tsaye. Maganin shi ne a raba fitila da kamara. A kai ta gefe ko sama, nisan kamu ɗaya ko fiye, a ɗan ja ta baya da gilashin kamara, a kuma karkatar da ita waje kaɗan, yadda gefen hasken ne zai shafi abin da ake ɗauka, ruwan da ke gaban kamara ya zauna cikin duhu. Hannayen ƙarfe masu gaɓoɓi da ake gani jikin kamarar masu nutso, kamar ƙafafun ƙaguwa, wannan ne kawai amfaninsu.

Saboda haka tambayar farko kafin sayen kowace fitila ita ce: za a iya raba ta da kamara? Idan ba za a iya ba, a ruwanmu ba ta da amfani, kome sunan kamfanin da ya ƙera ta.

Ba yau aka fara fama ba

Mu da muka yi karatu da Faransanci mun taso da sunan Kwamanda Cousteau, amma an riga shi. A 1893 wani masanin halittu Bafaranshe, Louis Boutan, ya fara ɗaukar hotuna cikin teku a Banyuls-sur-Mer, kudancin Faransa. Da ya ga hasken rana bai isa ba, aka haɗa masa fitila a kan ganga mai cike da iska, da harshen wuta cikin ƙoƙon gilashi, ana hura masa garin magnesiyom ya yi walƙiya. A 1926, a tsibiran Dry Tortugas na jihar Florida a Amurka, William Longley da Charles Martin suka ɗauki hoton kifi mai launi a ƙarƙashin ruwa, mujallar National Geographic ta buga a farkon 1927. Su a saman ruwa suka tayar da garin magnesiyom, bisa wani ɗan kwale-kwale, hasken ya sauko. Aiki ne mai haɗarin ƙuna.

Filash na lantarki da muke amfani da shi yau ya samu ci gaba ne a hannun Harold Edgerton na jami'ar MIT, wanda ya yi aiki da Cousteau a jirginsa Calypso cikin shekarun 1950, har ma'aikatan jirgin suka laƙaba masa «Papa Flash». Fim ɗin Le Monde du silence na Cousteau da Louis Malle ya ci babbar kyautar bikin Cannes a 1956. Daga baya aka ƙera ƴar ƙaramar kamara mai shiga ruwa ba tare da akwati ba, kamfanin Nikon ya karɓe ta ya fitar da ita da sunan Nikonos a 1963. Na kawo wannan tarihi ne don abu ɗaya: tun fitilar Boutan, haske yana gefe ne, kamara tana gefe.

Walƙiya ko fitila mai ci?

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai filash na ruwa, wanda ke tara wuta ya sake ta gaba ɗaya cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Akwai kuma fitilar LED mai ci ba yankewa, ƴar'uwar tocila.

Filash ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba a wannan ɗan lokacin da yake ci, kuma gajartar walƙiyar tana tsayar da motsi. Tarwaɗa na juyawa, hoton ya fito da gashin bakinta ɗaya-ɗaya. Batirinsa yana daɗewa, tun da ba kullum yake ci ba. Amma ba ka ganin sakamako sai bayan ka danna, ba ya aiki da bidiyo, kuma dole ya yi magana da kamara don su tashi tare. Ana haɗa su ta hanya biyu: ko da wayar lantarki, ko da siririn zaren gilashi da ke ɗaukar walƙiyar ƙaramin filash na jikin kamara ya kai wa babban. Na biyun ya fi sauƙi, kuma ba ya buƙatar huda a jikin akwatin kamara, wato ƙofar ruwa ɗaya ta ragu. Sai dai a toshe ƙaramin filash ɗin ta gaba, kada haskensa ya fita ya tayar da garin hatsin da muke gudu. Wayar salula kuwa, galibi ba ta iya tayar da irin wannan filash yadda ya kamata, domin nata «filash» ɗin fitilar LED ce kawai.

Fitila mai ci ta fi rauni, tana shan batir, kuma wasu kifaye suna gudunta. Amma abin da ka gani shi za ka samu, tana yi da waya, tana yi da GoPro, tana yi da bidiyo, kuma ta fi araha.

Ra'ayina, kuma na san wasu ƙwararru za su ja: cikin mutum goma da za su karanta wannan a Doso, Dogondutsi ko Gaya, tara fitila mai ci suke buƙata. Filash na ruwa sabo, ko ƙarami ne, yana kaiwa wajen jika 200 kafin kuɗin sufuri da na duwan, ban da hannun ƙarfe da zare da akwatin kamara. Idan ya lalace sai an fitar da shi waje. Wanda ya cancanci wannan kashe kuɗi shi ne mai kamara ta gaske da ke son hoton kifi mai rai don littafi, bincike ko jarida, kuma yana da ruwan da ya ɗan washe.

Lambobin da ke jikin kwali

Wanda ya yanke shawarar sayen filash zai ga wata lamba da Faransawa ke kira nombre-guide, wato ma'aunin ƙarfinsa: 20, 24, 32 da makamantansu. Ana raba ta da nisan abu a mita, sai ta ba da girman ƙofar haske da za a saita a kamara. A lura, kamfanoni da dama a iska suke auna ta. Cikin ruwa mai kyau a raba ta biyu ko uku, cikin namu ma fiye. Kada a bi mafi girma ido rufe. A ruwa mai laka, filash mai ƙarfi dattin yake ƙara haskakawa. Abin da ya fi ƙarfi muhimmanci shi ne a iya rage shi da hannu, mataki-mataki. Akwai tsarin da ake kira TTL, inda kamara ke auna haske da kanta ta yanke wa filash. Yana da kyau ga ƙananan abubuwa na kusa, amma datti yana ruɗa shi: ya ga farin ɗigo ya zaci haske ya isa, ya yanke da wuri.

Sai faɗin haske. Filash mai kyau yana buɗewa wajen digiri 100 ko fiye, kuma yana zuwa da farin murfi da ke tausasa hasken. A duba kuma daƙiƙa nawa yake ɗauka kafin ya sake cika. Biyu zuwa uku ya wadatar. Batir kuwa, a wajenmu na fi son wanda ke cin ƙananan batura huɗu na AA masu caji, irin su Inon da Sea & Sea na Japan da yawa haka suke. Batir na musamman idan ya mutu a Kore Mairuwa, aiki ya tsaya sai an aiko daga Turai ko Dubai.

Ga fitila mai ci, ma'aunin shi ne lumen. Don aikin kusa, 1000 zuwa 2500 ya isa. A yi hattara da tocilolin kasuwa da aka rubuta wa lambobi masu sifili da yawa. Rubutu ba ya tsada. Abin dubawa na gaske shi ne siffar hasken. Haska ta a bango: idan ta yi farin ido a tsakiya da duhu a kewaye, ta neman hanya ce, za ta ƙone tsakiyar hoto. Ta bidiyo haskenta shimfiɗe yake bai ɗaya. Idan mai ido ce kawai ke hannu, a rufe bakinta da farar roba marar kauri, kamar gindin farar robar magani, hasken zai bazu. Fitilu biyu matsakaita, ɗaya dama ɗaya hagu, sun fi babba guda ɗaya, domin inuwar da ɗaya ta yi ɗayar na cike ta. A so su zama iri ɗaya, kada ɗaya ta yi fari mai shuɗi ɗaya ta yi rawaya. Hasken rana tsaka yana wajen 5500 a ma'aunin Kelvin, kuma fitilar da ke kusa da haka ba ta sauya launin abu. Wannan yana da amfani a rijiya, inda launin tsatsa ko na laka ke gaya wa mai gyara abin da ke faruwa.

Lamba ta ƙarshe ita ce zurfi. Kowace mita 10 ta ruwa tana ƙara nauyin da ya kai na iskar duniya gaba ɗaya. Alamar IP67 tana nufin mita 1 na minti 30 kawai. IP68 ta fi haka, amma kamfani ne ke faɗin iyakarta, kuma a wayoyi da yawa ba ta wuce mita ɗaya da rabi ba. Wayar da ta taɓa faɗuwa ko aka taɓa buɗe ta wurin mai gyara, a manta da alamar. GoPro da yawa suna jure mita 10 ba akwati, kamarorin Tough TG na Olympus mita 15. A nemi fitilar da aka rubuta mata zurfi a mita, ba kalmar «mai jure ruwa» kawai ba.

Rijiya da foraj

Nan ne abin ya fi shafar mutanen Arewa. A cikin Dallol Mawri ruwa yana kusa, gaba kaɗan an same shi. A kan tudu kuwa rijiya takan yi zurfin da igiyarta sai jaki ko raƙumi. Abin da ya kamata a sani shi ne, nauyin da ke matse kamara daga fuskar ruwa yake farawa. Rijiya mai mita 40 wadda ruwanta mita 4 ne, mita 4 kamara za ta ji. Foraj kuwa yana iya samun ruwa mai tsayin mita da yawa a cikin bututu, a nan ne kayan kasuwa ke fashewa.

Babban amfanin kamara a rijiya shi ne ta sauka maimakon mutum. Ƙasan tsohuwar rijiya wani lokaci iskar shaƙa tana ƙaranci, ba wari ba alama, mutum ya suma, wanda ya bi shi ceto shi ma ya suma. Hoto kome kyansa bai kai a zura yaro da igiya ba.

Ga yadda muka sake aikin da ɗan abokina. Muka roƙi mutanen ƙauyen su dakata da ɗiban ruwa tun magariba, don guga ita ke tayar da yashi, muka zo da asuba ruwa ya kwanta. Muka sami sanda mai tsawon kamu biyu, muka ɗaure wata ƴar kamarar ruwa da muka ara a tsakiya tana duban bango, tocilan nutso biyu a bakin sandar dama da hagu, kowace ta ɗan kauce waje. Muka rataya dutse a ƙasa don kada ta yi ta juyi, igiya biyu don a iya karkata ta. Muka wanke kome da ruwan jabel, tun da ruwan sha ne. Aka zura a hankali, ana tsayawa a kowane zobe ana ƙirga goma, ba a bari dutsen ya taɓa ƙasa ba. Tsagar ta fito sarai a mahaɗin zobe na biyu daga ƙasa, har ana ganin yashi na zubowa ta ciki. Hasken gefe ne ya nuna ta, don shi ke sa tsaga ta yi inuwa. Hasken gaba da ya shafe ta. Kwamitin ya san abin da zai yi ciniki a kai.

Foraj daban ne, kuma a nan ina ba da shawarar a bar wa masu shi. Bututun ƙunci gare shi, sau da yawa bai fi santimita 12 zuwa 15 ba. Babu wurin raba fitila da kamara ta gefe, shi ya sa kamarorin foraj na gaske suke da siffar sanda, da zoben ƙananan fitilu da ake rage musu ƙarfi daga sama, wasu da ido na biyu mai duban gefe don a ga ramukan matatar bututu. Kayan haɗe-haɗe idan suka maƙale a mita 60, an toshe wa gari ruwansa, kuma ciro su ya fi binciken tsada. Wanda zai ɗauki ma'aikacin bincike ya tambaye shi ko fitilar kamararsa tana raguwa, ko tana duban gefe, ya kuma nemi a ba shi bidiyon da lambar zurfi a jiki.

Tafki da kogi

Mai son kifi ya zaɓi lokaci kafin ya zaɓi fitila. A Yamai kogin Kwara yana cika sau biyu. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda rafukan Sirba, Dargol da Goruwal ke kawowa da laka. A wannan lokacin ko fitilar filin ƙwallo aka kawo ba abin da za a gani. Akwai kuma ruwan da ke isowa daga Gine wajen Disamba da Janairu, wanda ya baro lakarsa a fadamun Mali, ya fi washewa. Tafkunanmu ma sukan kwanta bayan damina, da sassafe kafin dabbobi su shiga.

Argungu kuwa, da ke maƙwabtaka da mu a jihar Kabi, wadda bikinta ya samo asali a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya a 2016, ba wurin hoton ƙarƙashin ruwa ba ne ranar babban su. Dubban masunta da goruna da homa suna faɗawa Matan Fada lokaci ɗaya, ruwan ya koma kunu. Hoton giwan ruwa yana sama, lokacin da aka ɗago ta. Abin da mai hoto ke buƙata a ranar shi ne kariya daga fantsama.

Akwai dabarar da masu nazarin kifi suka daɗe suna yi, kuma ita nake ba ɗalibai da masu kiwon kifi shawara. A sa mai yankan gilashi ya haɗa ɗan akwati siriri, a cika shi da ruwa mai tsabta, a sa kifin na ƴan mintoci, a haska daga sama ko gefe da filash na yau da kullum, kamara tana waje a bushe, a manne da gilashin don kada ya yi ƙyalli. Ƙarfasa za ta fito da launinta duka, a mayar da ita ruwa. Haka kuma ana iya danna akwatin gilashi marar ruwa rabi cikin kwarmin kifi, kamara na ciki, bakinsa na sama.

Wuta, yashi da zafi

Kada a sa filash na biki cikin leda a shiga ruwa da shi. Ko da ƙananan batura yake ci, a cikinsa akwai ma'ajiyar wuta da ke tara wajen volt 300, kuma tana riƙe da ita bayan an kashe. Haka nan kada a zura ƙwan lantarki na gida ko na janareto cikin rijiya ko kwarmin kifi. Batirin lithiyom da ruwa ya shiga yana iya zafi har ya kama wuta. A cire shi a ajiye a fili, kada a sake masa caji.

Abin da ke hana ruwa shiga fitila da akwatin kamara zoben roba ne siriri, kuma ƙwayar yashi ɗaya ko silin gashi ya isa ya buɗe hanya. A ƙasar da iska ke kawo yashi har cikin tuwo, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A buɗe kaya cikin ɗaki, a share zoben, a shafa masa ɗan man silikon da ya zo da shi. Ban da basilin, ban da man kaɗanya, suna iya lalata robar. A fara gwada akwatin babu kamara a ciki, cikin bokiti, da ƴar takarda a ciki don ta nuna laima. Kayan da suka sha rana idan aka tsoma su ruwa mai sanyi gilashin yakan yi gumi ta ciki, don haka a ajiye su a inuwa, a jefa ƴar jakar nan mai shan laima da ake samu cikin kwalin takalmi ko na magani. Fitilun nutso masu ƙarfi kuma ruwa ne ke sanyaya su; a bar su kunne a waje, su ƙone.

Shi kansa mai hoton yana da nasa haɗarin. Ruwan tafki da ke kwance yana ɗauke da tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga katantanwa ta shiga ta fata, ba sai an sha ba. Wanda ya shiga ya ga jini a fitsari daga baya, ya je likita, maganin praziquantel yana nan. A kogi akwai dorina, akwai kada a wasu wurare, akwai minjirya mai jan wuta a cikin ramuka. A tambayi masuntan wurin kafin a sa ƙafa, kuma kada wanda bai iya iyo ba ya wuce ƙugu, ko da wani na riƙe da shi. Sanda mai tsawo da kamara a bakinta tana kaiwa inda ake so daga kan gaɓa ko daga cikin jirgi.

Ɗan abokina ya sayi tocilan nutso biyu daga Yamai, ya sa wani mai walda ya yi masa sandar ƙarfe mai maƙalai uku a madadin ta icen. Da na kira shi makon jiya ya ce ƙauyuka biyu sun neme shi, kuma ya fara rubuta lambar kowane zobe a takarda yayin da ake zura igiya, don mai gyara ya san inda zai tsaya.